Hasken gamma daga kufan taurari: me ke zubo mana daga sama, kuma akwai abin tsoro?

Cikin sanyin da ya wuce, wani kawuna da ke zaune a Illela ya turo mini saƙo ta WhatsApp bayan sallar isha'i. Saƙon da Faransanci yake, wani kuma ya fassara shi cikin murya. Yana cewa a daren nan, daga ƙarfe 12 da rabi zuwa 3 da rabi, wasu «rayons cosmiques» masu haɗari za su ratsa kusa da duniya, don haka kowa ya kashe salularsa, ya nisanta ta daga jikinsa. An jingina maganar ga hukumar NASA ta Amurka. Ƙarƙashin saƙon kawu ya ƙara da nasa: «Ɗana, kai da ka yi boko, wagga magana gaskiya ta?»

Na ce masa ya kwanta ya yi barcinsa. Wannan saƙo ya fi shekara goma yana yawo a ƙasashe daban-daban, har da Najeriya da Gana, kuma kowane lokaci cewa yake «daren yau». NASA ba ta taɓa fitar da shi ba. Sai dai abin da saƙon ya ambata akwai shi. Tartsatsin samaniya, wato abin da Faransawa ke kira rayons cosmiques, yana zubo wa Illela da Konni da Malbaza dare da rana, tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Masana sun shafe kusan shekara ɗari suna neman inda yake fitowa, kuma abin da ya nuna musu hanya shi ne wani haske da ido ba ya gani, hasken gamma, wanda ke fitowa daga kufan taurarin da suka fashe.

Tauraron da wani likitan Bagadaza ya rubuta

Manomanmu da malamanmu sun san lissafin taurari. Suna ƙidayar Suraya, wadda muke kira Kaza da ɗiyanta, da Dabaran, da Haƙa'a da Hana'a, don su san kusantowar damina. A wannan yanki na sama, tsakanin Dabaran da Hana'a, wani abu ya faru a shekarar 1054.

Masu duban taurari na fadar sarkin Sin sun rubuta cewa a ranar 4 ga Yuli na shekarar wani baƙon tauraro ya bayyana inda da babu komai. An yi kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, kuma ya kusa shekara biyu ana ganinsa da dare kafin ya ɓace. Wani likita haifaffen Bagadaza mai suna Ibn Butlan shi ma ya ambace shi cikin abubuwan da suka faru a shekara ta 446 bayan Hijira. Maganarsa ta iso gare mu ta littafin tarihin likitoci na Ibn Abi Usaibi'a, Uyunul Anba'i, wanda aka rubuta a ƙarni na 13. Ibn Butlan ya danganta fitowar tauraron da annobar da ta kashe mutane a Kustantiniya da ƙarancin ruwan kogin Nilu a Masar. Ke nan tsoron abin da ke fitowa daga sama ya girmi salula da ƙarnuka.

Abin da suka gani mutuwar tauraro ce. Tauraro tukunyar wuta ce da ke ƙona makamashin da ke cikinta. Wanda ya fi ranarmu nauyi sau takwas ko fiye, idan makamashinsa ya ƙare, cikinsa kan rufta cikin ƙiftawar ido, sauran jikinsa kuma ya tarwatse. Wannan fashewa ita ake kira sufanoba. Na ɗan lokaci, tauraro guda kan yi hasken da ya kai na rana miliyan ɗari ko fiye.

Bayan wutar ta lafa, abin da ya rage shi ne kufai: gajimaren iska mai zafi da ƙura da ke ci gaba da bazuwa shekaru dubbai. Cikin wannan ƙura akwai ƙarfe, da kalsiyam, da iskar da muke shaƙa. Kalsiyam ɗin da ke cikin farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza don yin siminti, da ƙarfen da ke cikin jininmu, a cikin taurarin da suka fashe kafin a yi duniyarmu aka dafa su.

Kufan tauraron 1054 yana nan har yau. Bafaranshen nan Charles Messier ya sa shi a lamba ta ɗaya cikin jerinsa bayan ya gan shi a 1758, daga baya aka laƙaba masa suna Gajimaren Ƙaguwa saboda kamanninsa a wani tsohon zane. Nisansa da mu ya kai kimanin shekarar haske 6.500. Shekarar haske ita ce tafiyar da haske ke yi cikin shekara guda, kusan kilomita miliyar 9.500. Gajimaren yana faɗaɗa da gudun kusan kilomita 1.500 a daƙiƙa, wato daga Konni zuwa Yamai cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. A tsakiyarsa akwai ragowar zuciyar tauraron, wani dunƙule da faɗinsa bai kai nisan Konni zuwa Malbaza ba, amma ya fi rana nauyi, yana juyawa sau 30 a kowace daƙiƙa. An gano shi a 1968.

Mene ne hasken gamma?

Haske iri-iri ne, kuma idonmu kaɗan yake gani daga ciki. Igiyar da ke kawo rediyo da ta salula haske ne mai rauni. Sama da su akwai wanda muke gani. Sama da shi akwai wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, abin da muke ce wa «radiyo», wanda kowace ƙwayarsa ta fi ta hasken ido ƙarfi sau dubbai. A can ƙololuwa akwai hasken gamma. Wani masanin Faransa, Paul Villard, ya gano shi a 1900 yana aiki da sinadarin radiyom.

Mu a Nijar ba baƙonmu ba ne. Dutsen uraniyom na Arlit yana fitar da shi, kuma da na'urar auna shi masu binciken ma'adinai ke gane inda uraniyom yake. Da irinsa ake gasa ciwon daji a asibitoci da yawa na duniya. Sai dai wanda ke fitowa daga kufan taurari ya wuce wannan nesa ba kusa ba: ƙwaya ɗaya tana iya fin ta dutsen uraniyom ƙarfi sau miliyan, wata ma sau miliyar. Zafi kaɗai ba ya haifar da haske irin wannan, ko da zafin tsakiyar rana ne. Sai in akwai wasu ƙwayoyin zarra da aka cilla da gudu dab da na haske, suka yi karo da wani abu. Saboda haka duk inda aka ga hasken gamma mai wannan ƙarfi, an san akwai wani abu da ke cilla ƙwayoyin zarra a wurin.

Toka da hasken gobara

A 1912 wani masani ɗan Ostiriya, Victor Hess, ya shiga kwandon balan-balan ya tashi sama da mita 5.000 da na'urar awo. Ya tarar da cewa yadda yake ƙara nisa da ƙasa, haka wani tartsatsi marar ganuwa ke ƙaruwa. Ya gane daga sama yake zuwa. Aikin ya sa ya samu kyautar Nobel a 1936. Daga baya aka tabbatar cewa mafi yawan tartsatsin nan furoton ne, wato ƙwayar da ke tsakiyar zarrar haidirojin, tana tafe da gudun da ya kusa na haske.

Tun 1934 wasu masana biyu a Amurka, Walter Baade da Fritz Zwicky, suka ce daga fashewar taurari yake fitowa. Lissafi ya goyi bayansu: a garken taurarinmu ana samun fashewa kamar biyu a kowane ƙarni, kuma in kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin kowace fashewa ya shiga cilla ƙwayoyi, ya isa ya samar da duk tartsatsin da ake aunawa. Amma lissafi daban, shaida daban.

Ga inda matsalar take. Furoton yana ɗauke da cajin lantarki, sararin samaniya kuma cike yake da maganaɗisu. Duk abin da ke da caji, maganaɗisu na lanƙwasa hanyarsa. Furoton da ya baro wani kufai yakan yi shekaru miliyoyi yana kewaye-kewaye kafin ya iso mana, ta yadda ba za a iya cewa ga inda ya fito ba. Wanda ya taɓa ganin gobarar daji da dare ya san wannan. Tokar da ke sauka a tsakar gida iska ce ta yi ta juya ta, ba za ta gaya maka ko gabas ce ke ci ko yamma ba. Amma in ka ɗaga kai ka ga jan haske a gefen sama, ka san inda wutar take. Tartsatsin samaniya shi ne tokar. Hasken gamma ba shi da caji, yana tafiya miƙe, shi ne hasken gobarar.

Yadda kufai ke cilla ƙwayoyi kuwa, tushen bayaninsa na masanin Italiya Enrico Fermi ne, a 1949, wasu kuma suka kammala shi a ƙarshen shekarun 1970. Ku tuna bangon ƙurar da ke gaban hadarin farkon damina, yana turo duk abin da ya tarar. Bakin kufan tauraro haka yake, sai dai gudunsa kilomita dubbai ne a daƙiƙa. Maganaɗisun da ke gaba da bayan wannan bango yana kama ƙwayar zarra ya riƙa mayar da ita gaba da baya, kamar tamaular da aka buga tsakanin bango biyu da ke matsowa juna. Kowane tsallake tana ƙara ƙarfi. Bayan shekaru ɗaruruwa ko dubbai sai ta kuɓuce ta shiga duniyar Allah.

Madubai a tsaunin Namibiya

Hasken gamma ba ya isowa ƙasa. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana tare shi, domin kaurinta daidai yake da ruwa mai zurfin mita 10. To yaya ake ganinsa?

Hanya ta farko ita ce a aika na'ura sama. Tauraron ɗan'adam na Fermi, wanda NASA ta harba ranar 11 ga Yuni 2008 tare da haɗin gwiwar Faransa da Jamus da Italiya da Japan da Suwidin, yana wannan aiki har yanzu. Amma ƙwayoyin da suka fi ƙarfi ba su da yawa. Daga Gajimaren Ƙaguwa, wanda yake cikin mafi haske a wannan fanni, waɗanda ke faɗowa kan fili mai murabba'in mita ɗaya a saman iska ba su kai goma ba a shekara. Na'urar da ke cikin tauraron ɗan'adam ta yi ƙanƙanta ga wannan farauta.

Hanya ta biyu ita ce a mayar da iskar kanta tarko. Idan ƙwayar gamma mai ƙarfi ta bugi iska, takan farfashe zuwa dubban ƙananan ƙwayoyi, su kuma su yi wata shuɗiyar walƙiya kimanin kilomita 10 sama da ƙasa. Walƙiyar ba ta wuce ƴan kashi cikin miliyar na daƙiƙa, ido ba ya kama ta, amma tana haskaka fili mai faɗin kusan mita 250. Babban madubi da kyamara mai sauri na iya ɗaukar hotonta, daga siffar hoton kuma a gane inda ƙwayar ta fito da ƙarfinta. Da wannan dabara tawagar Trevor Weekes, a cibiyar Whipple da ke Arizona ta Amurka, ta tabbatar a 1989 cewa Gajimaren Ƙaguwa na fitar da hasken gamma mai tsananin ƙarfi. Shi ne na farko da aka tabbatar, kuma har gobe da shi ake gwada sauran, kamar yadda ake gwada tiya a kasuwa.

Ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin wannan aiki a Afirka take. A tsaunukan Khomas na Namibiya, kimanin kilomita 100 daga birnin Windhoek, a tudu mai tsayin mita 1.800, akwai madubai biyar da aka sa wa suna H.E.S.S. don tunawa da Victor Hess. Huɗu masu faɗin mita 12 sun kammala haɗuwa a ƙarshen 2003, na biyar mai mita 28 ya fara aiki a 2012. An zaɓi wurin saboda bushewar iska da duhun dare da rashin gajimare. Jami'o'in Jamus da Faransa da Namibiya da Afirka ta Kudu na cikin masu tafiyar da shi. A 2004 H.E.S.S. ya fitar da hoton farko da ya nuna siffar kufan tauraro cikin hasken gamma mai tsananin ƙarfi, wani kufai mai lamba RX J1713.7-3946 da ke ɓangaren taurarin Kunama. Hoton ya nuna zobe: hasken daga bakin kufan yake fitowa, daidai inda lissafi ya ce bangon nan yake. A 2010 kuma ya sanar da kama hasken gamma daga kufan tauraron da ya fashe a 1006, wanda likitan Masar Ali ibn Ridwan ya gani da idonsa ya kuma rubuta bayaninsa.

Shaidar da aka daɗe ana jira

Duk da haka da sauran rina a kaba. Hasken gamma na iya fitowa ta hanya biyu. Elektiron mai gudu, wanda shi ne ƙaramar ƙwayar da ke kewaye zarra, na iya bugun haske mai rauni ya mayar da shi gamma. Abin da ke faruwa a Gajimaren Ƙaguwa ke nan, inda dunƙulen nan mai juyawa ke feso elektiron. Amma tartsatsin da ke zubo mana galibinsa furoton ne, don haka shaidar furoton ake nema.

Furoton yana da tambarinsa. Idan ya yi karo da wata zarra cikin gajimare mai kauri, yakan haifar da wata ƙwaya mai gajeren rai da ake kira fayon, wadda nan take ke rabewa zuwa ƙwayoyin gamma biyu. Hasken da ya fito ta wannan hanya yana raguwa kwatsam idan aka sauko ƙasa da wani mizani na ƙarfi, abin da na elektiron ba ya yi. A watan Fabrairu 2013 tawagar Fermi ta wallafa a mujallar Science cewa, bayan shekara huɗu tana tattara awo, ta ga wannan tambari a kufai biyu, IC 443 da W44. Dukansu suna tura bangonsu cikin gajimare mai kauri. Shekara 101 bayan balan-balan ɗin Hess, an kama kufan taurari da hannu dumu-dumu suna cilla furoton. IC 443, mai nisan kimanin shekarar haske 5.000, yana kusa da taurarin Hana'a, maƙwabcin Gajimaren Ƙaguwa ne a sama.

Tambayar da masana ke kai yanzu ita ce iyakar ƙarfin. A 2021 cibiyar LHAASO, da ke kan tsauni mai mita 4.410 a lardin Sichuan na ƙasar Sin, ta sanar da kama ƙwayar gamma daga Gajimaren Ƙaguwa wadda ƙarfinta ya ninka fiye da sau 150 na furoton da injin CERN na Jeniba ke cillawa, alhali shi ne injin da ya fi kowane ƙarfi a duniya. Ana muhawara a kan ko kufan taurari kaɗai ne ke kai furoton wannan matsayi, ko kuwa gungun manyan taurari matasa da wasu abubuwa na da nasu kaso. Don warware wannan ake gina sabuwar cibiyar CTAO a tsibirin La Palma na Sifaniya da hamadar Cile.

To, akwai haɗari?

Mu dawo ga tambayar kawu. Tartsatsin samaniya shi ma iska na tare shi, ɓurɓushinsa ne kawai ke isowa ƙasa. Kimanin ƙwaya 10.000 na wannan ɓurɓushi ke ratsa kowane murabba'in mita a minti guda. Suna ratsa rufin kwano da na laka, suna ratsa jikin mutum yana barci ko yana farke, salularsa na kunne ko na kashe. Bisa ƙididdigar kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan wannan fanni, kusan kashi ɗaya cikin shida ne na tururin da mutum ke samu daga halitta a shekara. Mafi yawan sauran daga ƙasa da duwatsu da abinci yake fitowa. Babu daren da ya keɓanta da shi, kuma salula ba ta jawo shi.

Fashewar tauraro na iya cutar da duniya in ta faru kusa, cikin ƴan shekarun haske gomomi. A wannan tazara babu tauraron da ke dab da fashewa. Wanda aka fi magana a kansa, jan tauraron Betelgeuse da ke kusa da Haƙa'a, ya fi shekarar haske 500 nisa. Ranar da ya fashe, abin kallo za a samu, kamar yadda mutanen 1054 suka samu. Rabon da a ga irin wannan da ido a garken taurarinmu tun 1604.

Abin da ke cutarwa a saƙon nan shi ne bin sa. Gidan da aka kashe waya daga tsakar dare zuwa asuba, in naƙuda ta tashi ko maciji ya sari wani a ƙauye mai nisa da likita, an rasa hanyar kiran mai babur. Duk wanda saƙon ya zo masa, ya duba ko akwai kwanan wata a jiki. Ba a taɓa sa masa ba.

Wanda kuma yake son ya san inda waɗannan kufai suke, sama ta Konni ta ba shi dama. A tsakiyar Disamba wajen ƙarfe 12 da rabi na dare, ko tsakiyar Janairu wajen 10 da rabi, Gajimaren Ƙaguwa na wucewa kusan bisa kai, ɗan arewa kaɗan. A nemo Kaza da ɗiyanta, a bi gabas zuwa jan tauraron Dabaran, a ci gaba har tauraron da ke ƙarshen ƙahon Sa na kudu. Kufan yana dab da shi. Ido kaɗai ba ya ganinsa, amma a daren da babu wata kuma hazo ya kwanta, ƙaramin madubin hangen nesa na nuna shi kamar ɗigon hayaƙi. Malamin kimiyya a kowane lise na Konni ko Malbaza ko Illela da ya samu irin wannan madubi na iya nuna wa ɗalibansa shi daga filin makaranta. Ƙasar da babbar jami'arta ke ɗauke da sunan masanin kimiyyar haske, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, bai kamata a riƙa tsorata ƴaƴanta da sama ta hanyar saƙon murya ba.

Kawu dai bai kashe wayarsa ba. Da safe ya kira ni ya ce sun kwana lafiya, sannan ya tambaye ni nawa madubin yake.